Shafin tantance ƴan kasuwa a Yamai: mu shiga, amma da rasit a hannu

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki.

Dan Allah ka ara min ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani abu da wasu matasa suka faro a nan Yamai, abin ya burge ni kuma ina so jama'a su shiga, amma fa raina bai kwanta ba gaba ɗaya. Sun buɗe shafi a intanet, da reshe a Facebook da WhatsApp, inda mai saye zai zo ya faɗi yadda ta kaya tsakaninsa da mai butik ko makanike ko tela ko mai gyaran waya, in an kyautata masa ya faɗa in an cuce shi ya faɗa, sannan ya ba da tauraro daga 1 zuwa 5.

Wallahi muna bukatar irin wannan. Yanzu rabin cinikin mata a status ake yinsa, ki ga leshi mai kyau a hoto ki aika kuɗi ta Nita ko Amana, kaya su zo ba su ba ne, ki yi magana a yi miki blok shikenan. Ga masu saida batirin sola da za su rantse maka sabo ne alhali an goge shi ne kawai an mayar a kwali, ga makanike da zai karɓi kuɗin sabon piyes ya sa maka okaziyo. Muna da dokar kare masu saye tun 2015, muna da ƙungiyar kare haƙƙin masu saye irin ADDC-Wadata, toh amma waye zai bar aikinsa ya je yana sintiri a kotu saboda jika 15? Haƙuri muke yi mu ce Allah ya isa, gobe wani ya je ya faɗa hannun mutumin nan dai. Kuma shafin ba na tonon asiri ba ne kaɗai, telan da yake cika alkawari ana gobe sallah shi ma ya kamata a san da shi, ya samu kwastoma.

Inda gizo ke saƙar shi ne doka, kuma na lura yawancin masu rubutu a shafin ba su san da ita ba ko kaɗan. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019 ta sa ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu. A 2022 zamanin Bazoum an yi mata gyara aka cire ɗauri a kan waɗannan biyun aka bar tara. Sai kuma a watan Yunin 2024 Janar Tiani ya sa hannu aka dawo da ɗaurin, yanzu ɓata suna ko zagi shekara 1 zuwa 3 ne a gidan kaso da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Akwai ma wani sashe na yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam, shi shekara 2 zuwa 5 ne, kuma ko da abin da ka yaɗa gaskiya ne bai fid da kai ba. Mutane suna ɗauka wannan doka ta ƴan jarida ce da ƴan siyasa, a'a fa, babu inda aka ce haka, mai saida siminti ma yana iya zuwa PJ, wato ofishin ƴan sandan binciken laifuka, ya kai ƙararka. Kuma kar wani ya ce ai ni ban rubuta ba voice na yi, saƙon murya a gurup shi ma ta na'ura ya bi.

Su kansu masu shafin su ne nake ji wa tsoro fiye da kowa. Mu tuna abin da ya sami ƴar jarida Samira Sabou a 2020, ta yi rubutu a Facebook kan binciken kuɗin ma'aikatar tsaro, ita ba ta ambaci ɗan shugaban ƙasa na lokacin ba, wani ne ya ambace shi a ƙarƙashin rubutun nata, amma ita aka kama a watan Yuni, sai ƙarshen Yuli kotu ta sallame ta. An wanke ta, eh, amma kwanakin da ta yi a tsare wa zai biya ta? Toh in ƴar jarida da duniya ta sani ta sha haka ina ga yaro ɗan jami'a da ya buɗe shafi da kuɗin bursa ɗinsa.

Shi ya sa ni a ganina kada a bari kowa ya rubuta abu ya hau kai tsaye. Admin ya fara gani tukuna. Wanda zai kawo ƙorafi ya nuna rasit ko faktir ko hoton hirar da suka yi ko takardar aika kuɗi, in ba shi da ko ɗaya a ba shi haƙuri. Kuma ya faɗi abin da ya faru kawai, na ba da kuɗi kaza ranar kaza aka ce kaya za su zo cikin sati har yau shiru, wannan ya isa, mai karatu ba yaro ba ne. Amma da zarar an shiga ɓarawo, macuci, ɗan damfara, ko an taɓo iyaye da ƙabila, an bar ƙorafi an koma zagi, kuma nan ne lauyan mai kanti zai kama. A kira shi mai kantin a ji ta bakinsa kafin a sa, in yana da amsa a sa ta kusa da ƙorafin, sau da yawa ma kiran nan kaɗai zai sa ya mayar da kuɗin saboda kunya. Hoton fuskar mutum da lambarsa ta gida da ta matarsa kuwa a bar su, akwai hukumar HAPDP da aikinta kenan kare bayanan mutane.

Wani abin kuma da ba a so a faɗa, hassada. Mai shago zai iya sa ƙannensa biyar su yi wa maƙwabcinsa ruwan ƙorafin ƙarya da sunayen bogi, ko su cika shagonsu da taurari. Sannan ranar da shafin ya yi ƙarfi za a fara zuwa da ambulan ana cewa a goge min wancan rubutun, ko a aiko dattawan unguwa gidanku su samu mahaifinka, Yamai ce fa kowa ya san kowa. Duk ranar da aka karɓi kuɗi aka goge ƙorafi shafin ya mutu, kuma in aka juya aka fara neman kuɗi daga ɗan kasuwa kafin a cire sunansa wannan wani laifin ne daban da ba ruwansa da dokar intanet. In talla za su karɓa don biyan kuɗin koneksiyo su rubuta ɓaro-ɓaro cewa talla ce.

Batun tallata shafin kuwa, Faransanci zalla ba zai kai su ko'ina ba. Su yi da Hausa da Zabarmanci, su shiga rediyoyin FM, su zagaya Katako da Wadata da Babbar Kasuwa su zauna da shugabannin ƴan kasuwa tun kafin a fara rigima, don su gane ba yaƙarsu aka zo yi ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka samo mana lauya ko tsohon alƙali ya yi mana bayanin gyaran nan na 2024 da Hausa a shafi guda na jaridarka, musamman ya faɗa mana ƙarara, in wani ya rubuta a shafina ni da shi wa za a kama, kuma in na goge da wuri ko hakan yana rage min wani abu. Yaran nan a shirye suke su buga bayanin su liƙa shi a saman shafinsu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku daga unguwar Bukoki, Yamai.