Rancen dala 25 ta intanet: a san hanyar da kuɗin ke bi kafin su isa hannun mai sana'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi bayani a kan tsarin ba da ƙaramin rance ta intanet ga masu ƙananan sana'o'i a ƙasashe masu tasowa. Aikin alheri ne, ina kuma goyon bayansa. Damuwata ita ce mai ba da rancen yakan tsaya ga kallon hoton wadda zai taimaka wa, ya manta da cibiyar da ke tsakaninsa da ita, alhali a hannun wannan cibiya ne rancen ke zama taimako ko ya zama ƙangi.

Dandalin da ya fi shahara shi ne Kiva, wanda Matt Flannery da Jessica Jackley suka kafa a Amurka a 2005, suka fara da wasu 'yan kasuwa a Yuganda. Mutum zai buɗe asusu, ya zaɓi mai neman rance, ya zuba dala 25 ko fiye. Idan wata mata na neman dala 500, mutum 20 ke nan za su haɗa mata. Tana biya kaɗan-kaɗan, kuɗin na dawowa asusun kowa, wanda ya so ya cire, wanda ya so ya sake ranta wa wani. Mai ba da rancen ba ya karɓar ko sisin kwabo na ruwa, kuma Kiva ta ce kimanin kashi 96 cikin ɗari na kuɗin suna dawowa.

To amma a mafi yawan lokuta kuɗin ba daga Kiva suke tafiya kai tsaye zuwa hannun matar ba. Wani ƙaramin banki ko ƙungiya a ƙasarta ne ke tantance ta, ya ɗauki hotonta, ya ba ta kuɗin, ya kuma bi bashin. Sau da yawa ma an riga an ba ta rancen tun kafin hoton ya hau shafin, kamar yadda mai bincike David Roodman ya fito da shi fili a 2009. Wannan ba zamba ba ce, domin mai sayar da tumatir ba za ta zauna wata guda tana jiran a gama haɗa mata kuɗi a Amurka ba. Sai dai ya kamata mai bayarwa ya gane cewa asusun cibiyar yake cikewa, kuma cibiyar tana ɗora wa matar ruwa.

Ba na cewa duk ruwan zalunci ne. Ma'aikacin da zai hau babur ya shiga ƙauye kowane mako don karɓar naira dubu biyu-biyu yana cin albashi, babur yana shan mai, kuma wahalar bin bashin dubu hamsin ɗaya take da ta bashin miliyan biyar. Inda matsala take shi ne yadda ake lissafin. Ga misali: an ranta wa mace naira 100,000 na wata shida, an ce ruwa kashi 3 cikin ɗari ne a wata. Kowane wata za ta biya 16,667 na uwar kuɗi da 3,000 na ruwa. A watan ƙarshe, 16,667 kaɗai suka rage a kanta, amma 3,000 ɗin nan ba ta ragu ba, domin a kan dubu ɗarin farko ake lissafi. Ainihin abin da take biya ya kusa kashi 5 a wata. Idan kuma an cire 2,000 na fom, aka riƙe 10,000 a matsayin ajiyar dole sai ta gama biya, 88,000 ne suka shiga hannunta, ruwan kuwa ya haura kashi 6 a wata. Ita dai kashi 3 aka faɗa mata, shi ta sa hannu a kai. Shi ya sa kafin a zuba kuɗi ya kamata a buɗe bayanan cibiyar a shafin, a duba matsakaicin abin da masu karɓar rance ke biya, da yawan waɗanda suka makara, da yawan bashin da ya nutse.

Abin da ya fi ruwan ma kashe mutane shi ne jadawalin biya da bai dace da sana'a ba. Mai koko da ƙosai da take sayen wake mudu-mudu, wani lokaci bashi a wurin mai shago da tsada, idan ta samu kuɗin buhu guda a lokacin kaka, ribarta ta ƙaru tun daga washegari, kuma kullum ciniki na shigowa, biyan mako-mako ba zai dame ta ba. Amma a ɗauki wadda ta sayi raguna biyu za ta yi kiwo sai babbar salla. Wata huɗu ko biyar babu abin da ke shigowa, sai ma fita, ga dusa, ga harawa, ga magani. Idan aka ce ta fara biya bayan mako biyu, daga ina za ta samo? Ko ta sayar da rago ɗaya da asara, ko ta ci wani bashin ta biya wannan. Haka manomi yake, kuɗinsa sai an girbe. Rancen noma da na kiwo dole a ba su lokacin jira, a sa biyan bayan an kai kaya kasuwa. Kuma a lura, yawan dawowar kuɗi ba ya nuna cewa sana'a ta yi albarka. Inda aka haɗa mata biyar ko goma suna tsaya wa juna, mace za ta sayar da kwanukan ɗakinta don kada ta ji kunya a gaban 'yan ƙungiya, littafin cibiya kuma ya nuna an biya cif.

Akwai kuma faɗuwar darajar kuɗi. Da dala ake bayarwa, da kuɗin gida ake biya. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Dala 25 da aka canza a farashin farko naira 11,500 ce, idan aka maido ta a farashi na biyu ba ta kai dala 8 ba, ko da mai sana'ar ba ta ci kwabo ba. A wasu rancen mai bayarwa ne ke ɗaukar wani ɓangare na wannan asara, kuma ana rubuta hakan a sharuɗɗa. A Nijar abin da sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya.

Kada kuma a ɗora wa rance abin da ba zai iya ba. Bincike shida da aka wallafa tare a 2015, daga Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya, sun nuna cewa ƙaramin rance yana taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a, amma bai fitar da yawancin iyalai daga talauci ba. Wanda ya riga ya iya sana'arsa, jari ne kawai ya gaza masa, shi ya fi amfana.

Ga Musulmi akwai tambayar riba. Cewa kai ba ka karɓi ruwa ba bai rufe maganar ba, tunda ana karɓa daga wadda ka ranta wa, don haka a tambayi malamai da cikakken bayanin yadda tsarin yake. Kuma akwai wata hanyar da aka gwada ta yi aiki. Ƙungiyar Akhuwat da Dakta Amjad Saqib ya kafa a Pakistan a 2001 tana ba da rance ba ruwa, ana raba shi a masallatai da sauran wuraren ibada, kuɗin gudanarwa kuma na fitowa daga gudummawar jama'a. Mu da muka saba da adashi, muke kuma da 'yan'uwa masu hali a ƙasashen waje, babu abin da zai hana ƙungiyoyin garuruwanmu su kafa irin wannan asusu, da littafin lissafi a buɗe da mai binciken kuɗi daga waje.

Malam Edita, ina roƙon ku tura wakilanku ƙananan bankunan da ke kasuwanninmu, su karɓo takardar sharuɗɗan rance, ku buga lissafin ruwan da Hausa, naira da kwabo, tare da kuɗin fom da ajiyar dole, domin masu sana'a su iya kwatanta wannan banki da wancan kafin su dangwala yatsa.

Na gode.

Naku,
Mai karatu daga Kano