Wasiƙar godiya ga Ofishin Yawon Buɗe Ido na Val Thorens

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan Ofishin Yawon Buɗe Ido na Val Thorens, yankin Savoie, ƙasar Faransa.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kun rufe kakar bana lafiya, kun kuma samu kun huta bayan watannin da kuka kwashe kuna karɓar baƙi.

Ni mutumin Damagaram ne, aiki ya zaunar da ni da iyalina a birnin Liyon na Faransa. Na riga na aiko muku da godiyata da Faransanci. Wannan kuwa da Hausa na rubuta ta, na kuma sa ta a fili, saboda 'yan'uwana da ke zaune a Faransa da Beljiyam da Jamus da Italiya, waɗanda yaransu ke dawowa daga makaranta da zancen dusar ƙanƙara da wasan ski, wato zamiya a kanta daga saman dutse, iyaye kuma ba su san ta inda za su ɓullo wa abin ba. So nake su san cewa akwai ofishin da mutum zai kira a gaya masa gaskiya, ko da gaskiyar nan za ta rage kuɗin da zai kashe a garin. Yabon gwani ya zama dole.

Hutun da muka samu gajere ne, kuma sai cikin Afrilu, bayan an sha ruwan azumi an yi Sallah. Abokan aikina suka ce lokaci ya ƙure, in haƙura sai baɗi. Suna da gaskiyarsu idan ƙananan tsaunuka ake nufi, domin a can ciyawa ta riga ta fara leƙowa. Ɗan yayana da ke karatu a Grenoble shi ya ce kada mu karaya, mu nemi wuri mai tsayi sosai. Ya lissafo mini sunaye: Tignes, Les Deux Alpes, Val Thorens, sai Zermatt a Suwizalan da Cervinia a Italiya. Kowanne ka buɗe shafinsa hotuna ne farare tas, kowanne yana cewa shi ne na gaba. Nan na ɗauki waya na kira ku.

Matar da ta amsa ba ta fara da yabon garinku ba. Tambayoyi ta jero mini: mu nawa ne, shekarun yaran, wa ya iya wasan wa bai iya ba, da mota za mu zo ko da jirgin ƙasa. Sai da ta ji duka sannan ta bayyana mini abin da ya kamata mai zuwa a ƙarshen kaka ya duba. Duk mita 1000 da mutum ya hau, sanyi na ƙaruwa da kimanin digiri 6 zuwa 7. Saboda haka tsayin ƙololuwar da ake tallatawa bai isa hujja ba, sai an duba tsayin garin da za a kwana, inda masu koyo ke yini. Les Deux Alpes, alal misali, ana hawa can har kusan mita 3600, amma garin kansa yana mita 1650 ne. Gwani zai hau sama ya more, yaro mai koyo kuma a bar shi a ƙasa cikin jagwalgwalo. Zermatt ma haka, keken igiyarsu na kai mutum mita 3883, garin kuma na kusa da mita 1600, ga nisa ga tsada. Val Thorens tituna da ƙofofin gidajensa suna mita 2300, babu wani garin wasan ski da ya fi shi tsayi a Turai, kuma kusan duk hanyoyin zamiyarsa sun haura mita 2000. Da na ji wannan adadi sai na tuna cewa dutsen da ya fi kowanne tsayi a Nijar, Idukal-n-Tages a tsaunukan Bagzan, mita 2022 ne. Wato gadon da za mu kwanta a kai ya fi ƙololuwar ƙasarmu tsayi.

Abin da ya fara sa na amince da ita shi ne yadda ta yi maganar Tignes. Ta ce garin yana mita 2100, yana da daskararriyar ƙanƙarar Grande Motte da ake hawa har mita 3456, shi ma kamar Val Thorens yakan kai farkon Mayu a buɗe, kuma ba zan yi nadama ba idan can na zaɓa. Bambancin da ta nuna mini na hanya ne kawai: daga Liyon jirgin ƙasa na bi ta Chambéry da Albertville, ya fara isa Moûtiers, tashar da ake sauka don hawowa wurinku, kafin ya ƙarasa Bourg-Saint-Maurice ta masu zuwa Tignes. Mai gajeren hutu kuwa, duk sa'ar da ya rage a hanya riba ce.

Ba ta ɓoye mini aibin garin ba. An gina shi ne a farkon shekarun 1970 a wurin da a da makiyaya kaɗai ke zuwa da rani, don haka kada in sa ran ganin tsohon ƙauye mai gidajen katako irin na hotuna. Mai son wannan sai ya tsaya Saint-Martin-de-Belleville can ƙasa. Kuma a wannan tsayi itatuwa ba sa fitowa. Ranar da hazo ya sauko, sama da ƙasa sukan zama fari ɗaya, mutum ya kasa bambance tudu da kwari. Ta ce idan muka tashi muka ga haka, mu bar yara su huta, kada mu ce dole sai mun ci kuɗin tikitinmu na hawa keken igiya. Mun kuwa gamu da irin wannan safiya, muka bi shawararta.

Sai batun tikiti, inda na tabbatar ba aljihuna take hange ba. Na zo da niyyar sayen babban tikitin Les 3 Vallées, mai hanyoyi kilomita 600, wanda ya haɗa har da Méribel da Courchevel. Ta ce in dakata. Waɗannan garuruwa sun fi ku ƙasa, suna riga ku rufewa, kuma a ƙarshen kaka ba lalle ne hanyoyin da suka haɗa kwaruruwan su kasance a buɗe duka ba. Tikitin Val Thorens da Orelle, mai kilomita 150, ya ishi ɗan yayana ya yi ta yawo bai maimaita hanya ba. Ni da maiɗakina da yara kuma, da ba mu wuce koren layi da shuɗi ba, wato hanyoyin zamiya mafi sauƙi, akwai tikitin masu koyo mai sauƙin kuɗi. Abin da ta nace in saya shi ne inshorar Carré Neige da ake haɗawa da tikiti, domin a Faransa idan mutum ya faɗi a kan hanyar zamiya aka sauko da shi, shi zai biya kuɗin ceton, kuma ba kuɗi kaɗan ba ne. Allah bai sa mun buƙace ta ba, amma na yi barci da kwanciyar hankali.

Yanzu ga babban dalilin wannan wasiƙa. Kafin mu rufe magana ta tambaye ni ko a cikinmu akwai mai juna biyu, ko jariri, ko mai ciwon zuciya ko na numfashi. Na ce babu, sai dai 'yar ƙanwata da muke son tafiya da ita tana da sikila. Ta ce ita ba likita ba ce, amma kada in biya ko kwabo na masauki sai likitan yarinyar ya amince, kuma in gaya masa adadin tsayin daidai: kwana a mita 2300, yini a sama da haka. Muka je wurin likitan, ya hana nan take. Ya yi mana bayani cewa iskar da ake shaƙa na raguwa yayin da ake hawa, ƙarancinta kuma shi ke sa ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi. A ƙara da sanyi, da bushewar iska mai ƙone ruwan jiki, da gajiyar wasa, duk abubuwan da ke tayar da ciwon sun taru wuri guda. Ya ce shawarar da suke bai wa masu wannan lalura ita ce kada su wuce mita 1500. Ya ƙara da cewa ko mai AS, da muke ɗauka lafiyayye ne, ya kamata ya yi hattara a wuri mai tsayi sosai, domin akan samu waɗanda saifa ke tasar musu.

Ku a wurinku wannan tambaya ce cikin tambayoyin da kuke yi wa kowa. Mu a wurinmu rai ce. Sikila ta yawaita a cikinmu, a Nijar da Najeriya da maƙwabtansu, da wuya ka samu dangin da ba ta taɓa ba, kuma da yawanmu ba mu taɓa haɗa ta da hawan dutse a tunaninmu ba, tunda ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Ba don tambayar nan ba, da mun kai yarinyar nan wurin da asibiti babba ke can ƙasa, bayan tafiyar kilomita masu yawa a hanya mai lanƙwasa. Ta yi kuka da aka ce ba da ita ba, daga baya muka kai ta bakin tafkin Annecy, wanda bai kai mita 500 ba, ta shiga kwale-kwale ta manta. Mahaifiyarta ta ce in isar muku da godiyarta ta musamman, kuma ta sa ku cikin addu'a.

Da muka iso na shiga ofishinku karɓar taswira, wani saurayi ya zaunar da mu ya koya mana yadda ake bi da ƙanƙarar Afrilu, wadda ba irin ta Janairu ba ce. Da dare takan daskare, da sassafe ta yi tauri da santsi, abin da ke firgita mai koyo. Idan rana ta ɗan ɗaga sai samanta ya yi laushi, a nan ne take da daɗi. Bayan azahar kuma ta jiƙe ta yi nauyi, ƙafa na nutsewa kamar mai tafiya cikin rairayi, gwiwa kuma a lokacin ta fi saurin gocewa. Ya zana mana a taswirar gangaren da ke fuskantar gabas, waɗanda rana ke fara taɓawa, ya ce da su za mu fara. Masu fuskantar arewa kuma a bar su sai daga baya, domin su ne ke riƙe sanyinsu. Ya ce mu sa darasin yara da hantsi, mu tashi da wuri, la'asar ta same mu muna hutawa. Malaman makarantar ski masu jajayen riguna sun yi haƙuri da yarana ƙwarai, kafin mu tafi ƙaramar tana saukowa ita kaɗai tana juyawa hagu da dama.

Shi ne kuma ya dube ni ya tambaya ko mun zo da man kare fata da tabarau. Na ce fatarmu baƙa ce. Ya ce rana a nan ba ta duba wannan: zafin haskenta mai ƙuna na ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a duk mita 1000, sabuwar dusar ƙanƙara kuma na maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken zuwa fuska da ido. Ido kuwa iri ɗaya ne ga kowa. Ya ce daren farko muna iya jin ciwon kai ko barci ya ƙi zuwa, mu yawaita shan ruwa, kada mu hau ƙololuwar Cime Caron sai jiki ya saba. Da muka hau daga baya, a mita 3200, sama ta washe, muka hango Mont Blanc da tsaunukan Italiya jere har iyakar gani. Maiɗakina ba ta ce komai ba sai tasbihi.

Kan abinci ma kun kyauta mana. Ba tare da wani nuna mamaki ba aka gaya mana cewa tartiflette da diots da naman alade ake yin su, fondue kuma akan zuba mata giya, raclette na zuwa da yankakken naman da sai an tambaya. Aka nuna mana inda za mu sayi cukun Beaufort da dankali da kifi mu dafa a masaukinmu, wanda ku kuka samo mana na 'yan kwanaki, alhali a tsakiyar kaka yawancin gidaje daga Asabar zuwa Asabar ake ba da su. Bas daga Moûtiers, kilomita 37 ta Les Menuires, ya zo daidai lokacin da aka faɗa mana.

Ina roƙon ku miƙa gaisuwata ga ma'aikatan tsaron hanyoyin zamiya. Tun kafin gari ya waye mukan ji ƙarar nakiyar da suke tayarwa don zubo da ƙanƙarar da ta taru a saman gangare kafin ta rufto wa mutane. Da yamma kuma su ne na ƙarshen saukowa, suna duba ko an bar wani a baya. Ɗan yayana ya so ya fita daga hanya da rana tsaka, ɗayansu ya tsayar da shi ya yi masa bayanin yadda jiƙaƙƙiyar ƙanƙara ke zaftarewa idan zafi ya yi, ya nuna masa allon da ke auna haɗarin daga 1 zuwa 5. Yaron ya ji maganarsa fiye da yadda zai ji tawa.

Ina da roƙo guda. Iyalai 'yan asalin Afirka da tsibiran Antilles na Karibiyan na ƙara zuwa tsaunuka, kuma ba kowa ne zai kira waya ya dace da mai tambaya irin wadda na dace da ita ba. Ku sa layi ɗaya a takardunku da shafinku, kusa da inda kuke gargaɗin masu ciwon zuciya da masu jarirai, cewa mai sikila ya ga likitansa kafin ya kama masauki. Idan kuna son a mayar da shi Hausa, a shirye nake, kuma ba na buƙatar komai.

Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku da iyalanku.

Naku,
Wani uba ɗan Damagaram, mazaunin Liyon.