Wasiƙar Makaranta ga Iyaye: Maganar Kyaftin da Kantin Ɗalibai

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara.

Ina gajiya, yaya sanyi? Bana hunturun Jos bai zo da wasa ba. A riƙa sa wa yara rigar sanyi ta makaranta, ba ta gida mai zane-zane ba.

Abin da ya sa na rubuto da wuri shi ne maganar kyaftin. Tun ranar da malamin wasanni ya karɓi ƙyallen kyaftin daga hannun wanda ke riƙe da shi ya ɗaura wa gola, wayata ba ta huta ba, kuma abin da aka rubuta a zauren WhatsApp na iyaye duk an nuna mini. Har wani ya tako ofis yana tuna mini cewa shi ya saya wa ƙungiya riguna bara. Mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Amma Alhaji, riguna ka saya, ba kyaftin ba.

Yawancin masu maganar ba su je filin ba. Ni na je. Ƙwallo ɗaya tak aka jefa mana, sai kyaftin ya juya kan 'yan uwansa da faɗa. Ƙaramin cikinsu, wanda ƙwallon ta suɓuce wa, ya sha zagi har ya yi hawaye. Daga nan kyaftin ya koma kan alƙalin wasa, aka ɗaga masa jan kati, ya tuɓe riga ya yi tafiyarsa gindin bishiya. Da aka tafi hutun rabin lokaci, gola ne ya tara sauran, ya dafa kafaɗar mai kukan, ya sake wa kowa wurin tsayuwa. Babu wanda ya sa shi. An ci mu, amma ba a ƙara mana ko ɗaya ba.

Yaron nan da aka karɓe wa ƙyallen namu ne, kuma duk makarantar babu mai ƙafarsa. Ba a kore shi ba, gobe ma shi zai ci mana ƙwallo in Allah ya so. Sai dai iya ƙwallo daban, riƙon mutane daban.

Iyaye maza, ku da ba kwa barin gidan kallo, kun fi ni sani. A 2013 da Najeriya ta ɗauko kofin Afirka a Afirka ta Kudu, Joseph Yobo ne kyaftin, amma marigayi Stephen Keshi ya zaunar da shi a benci kusan duk gasar, ya sa matasa Omeruo da Oboabona a baya. Yobo bai tayar da ƙura ba. A wasan ƙarshe da Burkina Faso, sai ana dab da tashi aka sa shi, kuma shi ya ɗaga kofin. Ga kuma ɗan garin nan, Mikel Obi. A Rasha, a 2018, sa'o'i kaɗan kafin karawa da Ajantina aka buga masa waya cewa an sace mahaifinsa. Bai gaya wa koci ba, bai gaya wa 'yan wasa ba, don kada hankalinsu ya rabu. Ya ɗaura ƙyallen ya buga har aka tashi. Garin da ya fitar da shi da Ahmed Musa, garin da Mighty Jets ta ci gasar lig ta farko ta ƙasar nan a 1972, bai kamata a ce a cikinsa ake koya wa yaro cewa babansa ne zai karɓo masa shugabanci ba.

Da ma a ƙwallo kaɗai abin ya tsaya, da da sauƙi. Kun tuna kantin da 'yan aji biyar ke gudanarwa, inda ake sayar da biro da littafin rubutu da biskit? Zangon da ya wuce sai da muka rufe shi, jari ya narke. Ba sata aka yi ba, kada a ɗauki alhakin kowa. Yara sun zaɓi wanda ya fi su farin jini, shi kuma kunya ta hana shi ce wa aboki a'a. Bashi ya yi ta fita, ba a rubutawa, ranar lissafi kowa ya ce ba shi ba ne. Ku da ke Farin Gada da Katako da Taminus, wane ne a cikinku zai bar wa irin wannan yaro makullin shago? To me ya sa in a makaranta ne sai a ce ai yarinta ce?

Kakanninmu da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro ba mai yawan jakuna suke naɗawa madugu ba. Wanda ya san hanya ake nema, wanda zai zaɓi zango, ya sasanta kuɗin fito da sarakunan hanya, ya raba rigima tsakanin fatake, kuma in abu ya lalace shi za a tambaya. Shi ya sa ake ce masa uban tafiya.

A nan dole in yaba wa Malama mai koyar da kasuwanci. Ba ta zo tana cewa ai na faɗa ba. Ta zauna da yaran bayan an tashi, ranakun da ba a biyan ta ko sisi, suka bi bashin nan ɗaya bayan ɗaya. An sake buɗe kantin, yanzu wata yarinya ce mai shiru-shiru ke riƙe da littafi. Shekaranjiya mataimakina ya je ɗaukar biro ya ce zai kawo kuɗi, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, sai ka kawo." Ya dawo yana dariya, ni kuwa na ji daɗi fiye da yadda na nuna masa. Wasu malaman da ƙararrawa ba ta gama kaɗawa sun kai bakin ƙofa, su duba.

Saboda haka daga yanzu kyaftin da shugaban kanti zango ɗaya za su yi, sannan a sake dubawa. Yara za su fitar da mutum uku, malamai su zaɓi ɗaya, a duba zuwa da wuri da riƙon amana da yadda yake yi wa na ƙasa da shi. Duk wanda aka kira mu a waya saboda shi, ya fita daga layi. Malamin wasanni yana da cikakken goyon bayana, a daina tare shi a hanya.

Ragowar kuɗin makaranta, masu shi sun san kansu. Taron iyaye da malamai Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe goma, kuma a zo da kai, kada a aiko direba. Baba mai gadi zai rufe ƙofa ƙarfe takwas saura kwata, ba laifinsa ba ne, ni na sa shi. Muna yi wa malamin lissafi ta'aziyyar rasuwar mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta.

Wasan ramuwa ranar Laraba ne bayan la'asar, a filinmu. Masu yawan rubutu a waya, akwai benci.

Wassalam,
Shugabar Makaranta