Megawat 10 a takarda daban, wutar da ke isowa gida daban

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Laraba daga farko har ƙarshe, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da yadda aka bar baƙonku yana ta nanata cewa in aka kafa tashar lantarki mai megawat 10, irin ta madatsar Tiga, a kan kogin Galma, to Zariya ta rabu da duhu ke nan. Babu wanda ya tambaye shi ko a wane wata yake nufi.

Na ƙare aikina ina koyar da lantarki a makarantar fasaha, kuma abin da nake fara cusa wa ɗalibai shi ne, adadin da aka rubuta a jikin inji iyakar ƙarfinsa ne a ranar da ruwa ya wadata. Abin da zai bayar a zahiri yana ga yawan ruwan da kuma tsayin da yake faɗowa. Ruwa lita 1,000 a kowace daƙiƙa, idan ya faɗo daga tsayin mita 10, kilowat 98 ne a lissafi, kuma kafin injin ya ci nasa rabon da ƙyar a tsira da 80, alhali megawat 1 kilowat 1,000 ne.

Gidana yana kusa da rafin Kubanni, wanda yake zubawa cikin Galma. A watan Agusta ba mai gangancin shiga cikinsa, amma a watan Maris jikokina da ƙafa suke tsallakawa, wani lokaci ko wandonsu ba ya jiƙewa. Ga masu noman rani na tumatir da albasa suna jan nasu da injin ban ruwa, ga famfon gari yana jiran nasa. Da wane ruwan za a juya injin a lokacin zafi, daidai sa'ad da muka fi bukatar fanka? Ko Shiroro mai megawat 600, wadda ruwan Galma yake gangarawa gare ta ta kogin Kaduna, wutarta raguwa take yi da rani.

Ina goyon bayan ƙananan tashoshin nan da zuciya ɗaya, shi ya sa nake jin zafin a yi wa talaka romon baka da su.

Sannan, don Allah, ku gyara layin wayarku. Sau 6 na kira a daren nan domin in faɗi wannan, ana ɗagawa ana katsewa, kuɗin katina kuma yana tafiya.

Naku mai sauraro,
daga Tudun Wada, Zariya.