Wa ya sassaƙa 'ya'yan darar hauren giwar nan?

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato 'ya'yan dara na hauren giwa da masassaƙan Indiya suka yi a zamanin mulkin mallaka. Wasan da nake nufi shi ne wanda Larabawa ke kira shaɗaranji, Turawa kuma su ce ces.

Na taɓa tsayawa a gaban irinsu a wani gidan adana kayan tarihi a Ingila, na kusa awa guda ban gusa ba. Sarkin yana zaune cikin rumfa a bayan giwa, giwar kuwa ba ta fi tafin hannuna ba, amma har tamojin fatar hancinta ana gani. Ga direbanta a wuya, riƙe da ƙugiya siririya kamar tsinke. Da na sunkuya na karanta 'yar takardar da ke gefe, sai na ga sunan Baturen da ya mallake su, da shekarar da aka bayar da su kyauta. Wanda ya yi aikin fa? Ko alamarsa babu. Wallahi abin ya sosa mini rai.

A kasuwar kayan tarihi ana kiran irin waɗannan da sunan John Company, laƙabin kamfanin East India, kamfanin Turawan Ingila da ya yi mulki a Indiya. Akasarinsu a Berhampore aka sassaƙa su, kusa da Murshidabad a yankin Bengal, a farkon ƙarni na 19. Murshidabad ita ce fadar sarakunan Bengal, har Robert Clive, kwamandan sojan kamfanin, ya ci sarkinta Siraj ud-Daulah da yaƙi a Plassey a 1757. Daga nan arzikin fada ya yi ta ja da baya, masassaƙan da suka saba yi wa sarauta aiki suka koma neman ciniki wurin hafsoshin kamfani, waɗanda ke da bariki a Berhampore. Mai sana'a ai inda kuɗi yake nan yake dosa, ban ga laifinsu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙananan sojojin da ke sahun gaba. Ɓangare ɗaya dakarun kamfani ne, sanye da kayan sarki, bindiga a kafaɗa. Ɗaya ɓangaren mayaƙan ƙasar ne da rawani da mashi. Amma ka dubi fuskokinsu da kyau: duka 'yan Indiya ne, domin yawancin sojan kamfanin ma 'yan ƙasa ne da aka ɗauka aiki. Mutum ya zauna kwana da kwanaki da 'yar kurfi a hannu, yana fitar da gashin bakin ɗan uwansa a wannan sahu, ya juya ya fitar da na ɗan uwansa a wancan, don baƙo ya jera su a tebur ya gwabza su da yamma. Kuma bai yi wa kowane ɓangare ha'inci ba, yadda ya ƙawata wannan haka ya ƙawata wancan. Wasan kansa daga Indiya ya fito tun wajen ƙarni na 6, da sunan caturanga, ya bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ya isa Turai.

A 1851 an kai aikin masassaƙan Berhampore babban baje kolin Landan, jama'a suka yi ta yabo. Shekara 7 bayan haka kamfanin ya rasa mulki, amma har gobe sunansa ne ke manne da kayan.

Kada a ce na manta da giwaye. Haure mai yawa da aka sarrafa a Indiya daga gabashin Afirka aka kwaso shi, ta Zanzibar zuwa Bombai. Hana cinikinsa tsakanin ƙasashe da aka yi a 1989 daidai ne, haka ma dokar Birtaniya ta 2018 kan cinikinsa, da ta fara aiki a 2022. Ba na fatan a sake kashe giwa ko ɗaya saboda wasa. Zuriyar masassaƙan ma da yawa sun koma aikin itacen sandal.

Roƙona ga masu gidajen tarihi da 'yan gwanjo shi ne su gyara takardun nan. In sunan mutum ya ɓace, garinsa bai ɓace ba. A fara rubuta cewa aikin masassaƙan Berhampore ne, sunan mai saye ya biyo baya. Ku ma 'yan jarida, duk ranar da za ku ba da labarin an sayar da irinsu da tsada, don Allah ku ambaci Murshidabad kafin ku ambaci kuɗin.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai karatunku