Wasiƙa Daga Zariya Kan Fim Ɗin Prometheus da Gardamar da Ya Tayar

Tudun Wada,
Zariya.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan kuma karatu yana tafiya daidai a can Alƙahira, mu ma a nan lafiya ƙalau muke, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayarka game da baƙin ruwan nan da ka gani a fim ɗin Alien: Romulus na 2024, wanda ka ce an nuna shi kamar kowa ya riga ya san asalinsa. Asalinsa yana cikin Prometheus, wanda ya fito a 2012. Tun da ka nemi sanin ko ya cancanci ka ba shi sa'o'i biyu daga lokacinka, kuma ka ce ba ka damu da a faɗa maka ƙarshen labari ba, zan kawo maka abin da 'yan majalisarmu suka ce bayan mun sake kallonsa da majigi a zauren wani abokinmu a Samaru, domin ban san wani fim da ya raba kawunanmu kamarsa ba.

Ka san Ridley Scott, Baturen Ingila, shi ya ba da umarnin Alien na farko a 1979. A can ne ma'aikata bakwai na kumbon dakon kaya mai suna Nostromo suka bi wata sigina, suka tarar da ɓaraguzan wani kumbo da ba ƙirar 'yan Adam ba, a cikinsa kuma ga wani ƙaton matuƙi ya bushe a kan kujerarsa, ƙirjinsa a fashe. Fim ɗin bai faɗi ko wane ne shi ba, mutane kuma suka shafe shekara 33 suna hasashe. Da Scott ya dawo, sai ya koma baya da labarin kimanin shekara 30 kafin tafiyar Nostromo. A shekarar 2089 wasu masana kayan tarihi biyu, Elizabeth Shaw da Charlie Holloway, suka gano wani tsohon zane a wani kogo a tsibirin Skye na Sikotland, mai nuna jerin taurari iri ɗaya da wanda aka samu a wurin wasu al'ummomi da ba su taɓa haɗuwa ba. Suka ɗauke shi a matsayin goron gayyata daga waɗanda suka yi imanin su suka ƙera ɗan Adam, waɗanda suka sa wa suna Injiniyoyi. Kamfanin Weyland ya biya kuɗin tafiya, mutum 17 suka isa wani wata da ake kira LV-223 a 2093, amma maimakon maraba sai suka tarar da tuluna a jere cike da wannan baƙin ruwa, da alamar cewa an taɓa shirin kawo shi duniyarmu a hallaka mu.

Wanda ya fi kowa ɓacin rai a zauren shi ne wani malamin sakandare da ya girme mu, wanda ya fara kallon Alien tun zamanin kaset. Shi ƙorafinsa ba a kan abin da aka ɓoye ba ne, a kan abin da aka bayyana ne. Ya ce wancan matuƙi mai fuska kamar ta giwa, wanda ɗan Suwizalan H. R. Giger ya zana, tsoronsa duk yana cikin rashin sanin ko mene ne shi, sai ga Prometheus ya nuna cewa fuskar hular kariya ce kawai, a ƙarƙashinta kuma wani ƙaton mutum ne fari fat mai sanƙo. Ya kwatanta abin da dodon da ake tsorata yara da shi da dare, ran da aka haska masa cocila aka ga maƙwabci ne sanye da buzu. Ya ƙara da cewa an sayar musu da fim ɗin da sunan tushen Alien, amma watan da aka sauka ba shi ne LV-426 na fim ɗin farko ba, dodon Alien da suka zo gani kuma bai leƙo ba sai wani ɗan uwansa a mintin ƙarshe. Akwai gaskiya a maganarsa, domin rubutun farko da Jon Spaihts ya yi ya fi manne wa Alien, daga baya aka kawo Damon Lindelof ya janye labarin zuwa batun asalin halitta, shi kuwa Lindelof tun a shirin talabijin na Lost ake zarginsa da ɗaga tambayoyin da ba ya amsawa.

Samarin da ba su taɓa ganin na 1979 ba kuwa, babu ruwansu da wannan koke. Su abin da ya kama su shi ne hoto. Farkon fim ɗin, inda wani Injiniya ya tsaya a bakin gangaren ruwa ya sha wani abu jikinsa ya ruguje ya bi ruwa, a ƙasar Aisland aka ɗauke shi, a gangaren Dettifoss, kuma ko a jikin bangon zaure yana da kwarjini. Sun yaba wurin da Shaw ta shiga na'urar tiyata ta sa aka tsaga cikinta aka zaro abin da ke girma a ciki tana ji tana gani. Ƙanin mai gidan ya rufe fuskarsa da hula har aka gama. Ba su kaɗai suka ga haka ba, tun da an saka fim ɗin cikin masu takarar kyautar Oscar a fannin dabarun hoto, ya kuma tara sama da dala miliyan 400 bayan an kashe masa kimanin miliyan 130. Abin da na lura da shi shi ne, wanda ya shigo zauren da tsohon alkawari a zuciyarsa ya fita da haushi, wanda ya shigo hannu rabbana kuma ya fita yana murna, alhali bango ɗaya suka kalla.

Inda manya da yara suka haɗu, ni ma kuma nake tare da su, shi ne wautar da aka ɗora wa masanan da ke cikin labarin. An ce mana an kashe dala tiriliyan guda a kan tafiyar, amma mutanen da aka ɗauko ba su da natsuwar ɗalibin aji ɗaya a ɗakin gwaji. Suna shiga cikin ginin Injiniyoyin da suka tarar a can, na'ura ta ce iska tana shaƙuwa, sai suka tuɓe hulunan kariya, ba wanda ya yi tunanin ƙwayoyin cuta. Masanin duwatsun da ya saki ƙananan na'urori masu zana taswirar wurin, shi ne ya ɓata a cikinsa. Masanin halittun da ya gudu saboda ganin gawar da ta yi shekara dubu biyu, shi ne daga baya ya durƙusa yana miƙa hannu yana lallashin wani abu mai kama da kumurci da ya fasa kai. A nan wani ɗalibin koyon likitan dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ya tafa hannu ya ce ko ɗan akuyar da ba ka sani ba, ba haka ake tunkararsa ba. Da aka zo inda kumbon Injiniyoyi ya faɗo yana mirginawa, Meredith Vickers, wakiliyar kamfanin Weyland a tafiyar, wadda Charlize Theron ta fito a matsayinta, tana gudu a miƙe a gabansa, sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya, kowa yana cewa, "Kauce gefe mana, baiwar Allah!" Ba ta kauce ba.

Wannan ne a ganina ainihin aibin fim ɗin, ya kuma fi rashin amsa tambayoyi muni. A Alien, Ripley, ɗaya daga cikin ma'aikatan Nostromo, ta ƙi buɗe ƙofa ga abokin aikinta da wata halitta ta manne wa fuska, saboda dokar killacewa, sai Ash, wanda daga baya aka gane mutum-mutumi ne da ke yi wa kamfani aiki a ɓoye, ya buɗe. Masifa ta shigo ne ta hanyar cin amana da kwaɗayin kamfani, shi ya sa mai kallo yake tausaya wa mutanen. A Prometheus kuwa sau da yawa marubuci ne yake kwashe wa mutum hankalinsa domin labari ya samu hanyar wucewa. Don adalci, Vickers ta hana Holloway komawa cikin kumbo bayan ya kamu, har ta ƙone shi da wuta bisa roƙonsa, amma wannan hukunci guda bai wanke sauran ba.

Akwai kuma gardamar da ba lallai ka ji irinta a wurin masu sharhin Turai ba. Wani abokinmu malamin Islamiyya ya ce tushen labarin kansa ɓatacce ne, domin jingina halittar ɗan Adam ga wasu halittu saɓo ne ko da a wasa aka yi shi. Wasu suka ce tatsuniya ce, sunan fim ɗin ma daga tatsuniyar Girkawa aka ɗauko shi, ta wanda ya sato wuta ya ba mutane aka azabtar da shi. Ni kuma na tuna masa cewa fim ɗin da kansa bai tsaya inda yake tsammani ba. Shaw Kirista ce mai rataye da gicciyen mahaifinta, da Holloway ya ce ta cire shi tun da sun gano waɗanda suka yi su, sai ta tambaye shi wa ya yi su su kuma. Malam ya yarda cewa wannan tambaya ce ta mai hankali, amma ya ce babba ne zai kama ta, yaro kuwa hoton farko ne zai zauna masa. Ban ja da shi a nan ba, don dama fim ɗin ba na yara ba ne ta kowace fuska.

Mutum ɗaya ne ba wanda ya kushe, shi ma ba mutum ba ne. David, mutum-mutumin da Michael Fassbender ya fito a matsayinsa, shi ya riƙe kumbon fiye da shekara biyu sauran suna barci, yana koyon tsofaffin harsuna, yana rina gashinsa don ya yi kama da Peter O'Toole na fim ɗin Lawrence of Arabia. Akwai wurin da ya tambayi Holloway dalilin da ya sa mutane suka ƙera shi, Holloway ya ce don dai sun iya ne kawai, sai David ya tambaye shi yadda zai ji idan ya ji wannan amsa daga bakin nasa masu ƙerawar. Yana gama faɗin haka ya tsoma ɗigon baƙin ruwan a cikin abin shan Holloway ya miƙa masa cikin ladabi. A wannan ɗan zama aka tattara duk abin da fim ɗin yake son faɗa, kuma an faɗe shi da kyau fiye da duk wuraren ihu da gudu. Wani ɗalibin kwamfuta ya ce yanzu da ake ta maganar ƙirƙirarriyar basira, wannan ɓangaren ya fi ba shi tsoro a kan dodon. Shi Peter Weyland, tsohon da ya ƙera David ya kuma ɓuya a kumbon don ya roƙi ƙarin rai, Injiniyan da aka tashe daga barci bai ma amsa masa ba, ya fizge kan David ya buge shi da shi.

Masu neman dodo sun samu abin da suka nema a Alien: Covenant na 2017, inda aka dawo da shi sosai aka kuma yi watsi da tafiyar da Shaw ta fara don jin dalilin da ya sa aka so hallaka mu. Kuɗin da ya tara ya sauko zuwa kimanin dala miliyan 240, malamin sakandaren nan kuma ya ce shi ma bai gamsar da shi ba.

Shawarata ita ce ka fara da na 1979, sa'an nan ka kalli Prometheus da dare a kan allo mai faɗi, ba a waya ba. Ina so in ji musamman yadda ka ga tambayar da Shaw ta yi wa Holloway, domin Malam ya ce in ka rubuto a karanta masa, yana da sauran magana. Ka gaishe da maiɗakinka da yara, 'yan majalisa duk suna gaishe ka.

Wassalam.

Naka amini.