Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Mai Wurno: A Ba Ƙananan Yaranmu Ɗaki Da Mai Karanta Musu

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Ni malama ce a rauda, ajin share fage, kuma 'yar garin nan ce. Na rubuta wasiƙar a fili ne don 'yan'uwanmu na Sinnar da Gadarif da Damazin, a nan Sudan, su ma su gani, tunda abin da ya ci mu bai bar su ba. Roƙona ɗaya ne: Sarki ya sa baki a ware ɗaki guda, ko da zaure ne, a ajiye littattafan yara a ciki, a tsayar da rana da lokacin da za a riƙa tara 'yan shekara 3 zuwa 6 ana karanta musu labari.

Ranka ya daɗe, tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 karatun yara ya tsaya. A watan Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne a Sudan ba sa zuwa makaranta. Mu nan Jihar Sinnar mun ga namu rabon lokacin da Sinja, babban birnin jihar, ta faɗi a watan Yunin 2024, sai a Nuwamba aka ƙwato ta, makarantu da dama kuma suka koma masaukin masu gudun hijira. Kowa na maganar 'yan sakandare da jarrabawarsu, kuma da gaskiyarsu. Amma yaron da yake goye ko yana tatata ranar da aka fara harbi fa? Shi ne zai shiga aji ɗaya bai taɓa riƙe littafi ba, kuma ba a lissafa shi cikin waɗanda suka yi asara.

Ɗanmu yana da wani nauyi kuma. A gida Hausa ko Fulatanci yake ji, a kasuwa Larabcin Sudan, a aji sai a tare shi da Fusha, wato Larabcin littafi. Na sha ganin yaro mai surutu kamar aku ya yi tsit wata da watanni, har a ce daƙiƙi ne, alhali bai gane abin da ake cewa ba ne kawai.

Abin da zaman labari ke yi ba ɓoyayye ba ne. Mai karatu ta zauna a tabarma, ta ɗaga littafin yadda kowa zai ga hoto, ta ɗora yatsa ƙarƙashin layi tana ja tana faɗa. Daga nan yaro ke gane cewa waɗannan baƙaƙen zane magana ce, tana da inda take farawa da inda take ƙarewa. Sai ta dakata ta ce, "Wa zai gaya mini abin da Gizo zai yi in ya isa gindin ɓaure?" Hannaye su tashi, wani ya ce zai hau, wata ta ce zai kira Ƙoƙi. Yaro ya fara hasashe ke nan, yana ƙulla farkon zance da ƙarshensa, kuma wannan shi ne fahimtar karatu tun kafin ya san harafi. Kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa da karya harshe irin na "ƙato ya yi ƙoto, kwaɗo ya yi ƙoto" suna wasa kunnensa har ya rarrabe sauti da sauti, wanda sai da shi ake iya haɗa babbaƙu da farfaru. Ba a matsa wa ɗan shekara 4 ya rubuta komai. Minti 30 ya isa.

Muna kuma da abin da wasu ba su da shi, wato Ajami. In aka rubuta tatsuniyar Hausa da haruffan Larabci, yaro zai ji harshen uwarsa yana kallon alif da ba da ta ɗin da zai tarar a allo da littafin makaranta, hannunsa kuma ya saba bin layi daga dama zuwa hagu. Sai dai ina ba da shawarar a bi ɗigon da ke littafin makaranta, fa mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf mai biyu, a bar na tsoffin takardunmu da ke sa wa fa ɗigo a ƙasa, don kada a rikita su. Bayan labarin Hausa sai a kawo gajere na Larabci, a sannu ɗaya ya riƙo hannun ɗaya.

Na san za a ce ana fama da abin kai wa baka, wa ke ta littafi? Ai ba kuɗin dawa muke roƙo ba. A Amman ta ƙasar Jodan, Dakta Rana Dajani ta fara karanta wa yara labari a masallacin unguwarsu a 2006, aikin ya yaɗu har sansanonin 'yan gudun hijira. Wasu malamai kuma za su ce labarin Gizo ƙarya ne. Ina girmama su, amma yaro ya san gizo ba ya magana, kuma a ɗakin za a karanta ƙissoshin Annabawa da tarihin magabata. Kakanni da ke cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓata, su ma muna so su zo bayan la'asar, don su ne taskar labaran.

Allah ya taimaki Sarki, wannan ba baƙon abu ba ne a gidanku. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, wato malamai mata, suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙi cikin harshen da suke ji. Mutanen da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 sun ratso daji da ƙafa ɗauke da littattafai a gafaka har bakin kogin nan na Nilu. Jikokinsu ba su cancanci su tashi ba littafi ba.

Ga abin da ke hannun Sarki. Ɗakin, in daga fada aka ba da shi, iyaye za su saki jiki su turo 'ya'yansu, mata ma mazansu ba za su hana su zuwa ba. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo saboda gara da ɓera, da tabarmi, 'yan kasuwa za su kawo in Sarki ya ambata. Wasiƙa ɗaya daga fada zuwa Sakkwato da Kano da Zariya za ta samo mana littattafan yara na Hausa, shafin African Storybook kuma yana da labaran Hausa da ake saukewa kyauta a buga. Masu karatu muna da su: malaman da ke zaune a gida, da 'yan matan da jami'a ta tsaya musu. Waɗanda suka iya Ajami cikin malaman allo su juya mana labaran, matasa masu zane su yi hotuna. Unguwanni masu nisa a ɗora akwatin a amalanken jaki a kai musu. Kada kuma a tambayi yaro ƙabilarsa ko garin da ya baro kafin ya zauna a tabarma.

Ina roƙon Sarki ya kira masu unguwanni da limamai da malaman rauda a zauna kafin a gama girbin dawa, a tsayar da ɗaki da ranar farawa. Ni da abokan aikina mun yarda mu ɗauki ranar Alhamis ba tare da an biya mu ba.

Allah ya ƙara wa Sarki imani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam,
Wata malamar rauda, Mai Wurno, Jihar Sinnar